Kawu, Maginin da Ya Hana 'Yan Garinsu Bulo

Daga Allah muke, kuma can za mu tattara. Kawu ya riga mu tafiya ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, a gidansa da ke bayan kasuwar Batsari. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma shi ne mai gidan bulon da nake tuƙa wa mota tun ina saurayi.

Kafin a gama yi masa wanka layin ya cika ya batse. Tabarmin unguwa suka ƙare, sai taubashina, babban ɗan Kawu, ya sa leburori suka kwaso bulo daga fili aka jejjera a gindin katanga, mutane suka zazzauna a kai. Da na ɗaga ido na ga dattawan ƙauyenmu zaune a kan bulon Kawu, kuka da dariya suka taso mini lokaci guda. Na san da yana da rai da sai ya tashe su.

Wani tsohon birkila daga Karare, wanda Kawu ya koya wa riƙon cokalin gini lokacin da aikin tubali ya fara ja da baya, ya zo yana sharɓar hawaye kamar ba dattijo ba. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi ikonshi? Wallahi mutumin nan in ya wuce katangar da ta karkace, kau da kai yake kamar ya ga tsiraici."

Wani dattijo Kirista ya tuƙo keke tun daga Darini. Ya cire hula ya tsaya daga gefe har aka idar da salla, sannan ya bi mu maƙabarta, ya karɓi shebur ya zuba tasa ƙasar. Ya ce Kawu ne ya gina wa mahaifinsa rumbu tun kafin gidansu su san coci ko masallaci, kuma har gobe a rumbun suke zuba gero.

Bayan an dawo ana zaman makoki, wani maƙwabcinmu na ƙauye ya yi addu'arsa ya shafa, sannan ya sunkuyar da kai ya yi magana a hankali, amma yadda kowa zai ji.

"Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki ne. Amma hwa ya hana mu bulo."

Liman ya yi gyaran murya, na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu. Kafin a jima magana ta shiga cikin gida. Inna, mahaifiyata, wadda ta fi duk duniya dalilin riƙe Kawu a zuciya, ita ce ta aiko a gaya wa mai maganar cewa in ya gama gaisuwa ga hanya nan.

Ni kuwa ban ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Kawu ya hana su bulo. Tsorona shi ne nan gaba maganar nan kaɗai za ta rage, yara su tashi su ji cewa an yi wani tsoho mai rowa da ya yi arziki da gudun hijirar 'yan uwansa. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance, ni da aka yi komai a gaban idona.

Ƙauyenmu yana bayan Runka, a gefen daji. Kawu magini ne ɗan magini, kuma da wuya ka shiga ɗaki a garin nan ba ka ga shatin tafin hannunsa a jikin bango ba. Dogo ne siriri, mai manyan hannuwa da ƙasa ta tsattsaga. In yana tafiya ba fuskar mutane yake kallo ba, gindin katangunsu yake bi da ido. Gaisuwarsa ma daban take. Zai tambaye ka kwana, gajiya, iyali, dabbobi, sai ya rufe da, "Ya katanga?" In ka ce lafiya lau, sai ya ce, "Ƙarya kake, ta baya na biyo, ruwa ya fara cin gindinta."

Ƙasa kuwa ɗanɗana ta yake yi. In an kai shi inda za a haƙa, sai ya ɗebo kaɗan ya sa a harshe, ya murza sauran tsakanin yatsu, ya ce wannan ta ɗaki ce, waccan ko akurki ba ta yi. Muna yara mun ɗauka wani asiri ne ya gada. Da na girma na tambaye shi, ya yi dariya ya ce ba wani asiri, yashi yake nema da haƙori.

A lokacin, gini aikin rani ne, kuma aikin gari duka. A kira gayya, maza su shiga kwaɓa da ƙafa, mata su jido ruwa su dama fura, a mulmula tubali a shanya. Kawu na kan bango ana jefa masa yana cafewa ba tare da ya duba ba. Ya ɗora sahu kaɗan ya sauko, ya ce sai gobe, bango na son ya sha iska. Kafin ya gama maka ɗaki ya ci tuwon gidanka har ya san wa ta fi iya miya, ya kuma san tsohuwar gidan ba ta son ƙofarta ta kalli rana.

Aikin da ya fi ɗauka da nauyi shi ne yaɓe. Duk shekara, da zarar hadari ya fara leƙowa daga gabas, zai bi gari gida-gida yana toshe tsaga, yana shafe bango da sabuwar ƙasa, yana gyara indararo. Yakan ce, "Ɗakin ƙasa shina son mai shi. Ka ƙi shahwa mashi baya bana, sai shi yi hushi. Ka ci gaba da ƙi, sai shi kwanta."

Mutane suna zaton dole tsohon magini ya ƙi siminti. Kawu bai ƙi ba, shi ma ya kawo mana shi. Wani aiki ya kai shi Katsina, ya ga yadda ake buga bulo, ya dawo da akwatin ƙarfe na bugu a bayan a-kori-kura. Abokan sana'arsa suka ce ya ci amanar tubali. Ya ce, "Abin nan tahe yake, ko da ni ko ba ni. Gara shi iske ni tsaye." Ya sami fili a Batsari ya fara bugawa da hannu, tun garuruwanmu na zaune lafiya.

Wanda ya mai da abin masana'anta taubashina ne. Ya gama makarantar koyon sana'a ya dawo da kai cike da dabaru, ya matsa wa tsohon har aka sayo inji, aka sayo janareta, aka haƙa rijiya aka ɗora tanki. Daga nan komai ya sauya. A da magini ne ke zuwa gidanka. Yanzu gidan ake ƙerawa gunduwa-gunduwa a filinmu, ni in loda in kai maka. Ga bulo inci shida da inci tara, ga lintar ƙofa da aka riga aka zuba, ga zoben rijiya, ga mai walda a gefe yana haɗa ƙofofi da tagogi duk awo ɗaya. Ɗan gari da ke ci-rani a Kudu zai bugo waya ya ce ɗaki uku da falo yake so, taubashi ya san abin da ginin zai ci kafin ya ajiye wayar. Birkilan da bai taɓa ganin fuskar mai gida ba ya tayar da shi cikin 'yan makonni. Ba jiran rani, ba jiran bango ya sha iska, ba gayya balle fura. Sana'ar 'yan watanni ta koma kasuwar da ba ta hutu sai ranar Salla.

Kawu yana alfahari da wurin, kada wani ya ce maka ba haka ba. Amma bai taɓa yarda ya kira aikin gini ba. "Jeri" yake ce masa. Kuma da yake taubashi ɗan fari ne, Kawu ba ya kama sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye. "Mai inji" yake kiransa, ni kuma ni ne wayarsu. Ga su tsaye kafaɗa da kafaɗa, sai Kawu ya juyo gare ni.

"Ɗan Auta, gaya ma mai inji wanga ba gini ba ne, jeri ne."

"Gaya wa Baba jerin nan shi ke ɗora tukunya bisa wuta," in ji taubashi, yana kallon injinsa.

"Gaya mashi ban ce ba ya ciyarwa ba. Cewa na yi ba gini ba ne."

Na sha wahalar wannan aike, kuma yau ba abin da ba zan bayar ba a sake aike na ko sau ɗaya.

Gwajin bulo bai taɓa sakar wa kowa ba. Zai ɗauki guda ya ɗaga daidai ƙirji ya saki. In ya fashe, duk abin da aka buga ranar sai an farfasa an sake, taubashi na tsaye yana cizon yatsa yana kallon simintinsa. Haka ma shayarwa. Shi ke riƙe tiyo da safe yana bin layi-layi yana ba bulo ruwa, ya ce a duk aikin nan wannan kaɗai ya yi kama da kiwo. Amma da zarar hadari ya leƙo, sai ya ajiye tiyo ya tafi ƙauye yaɓe, komai yawan masu jira.

Sai mutanen daji suka zo. Ba sai na faɗa wa ɗan Batsari ko ɗan Safana yadda abin ya fara ba. Shanu aka fara kora, aka koma ɗaukar mutane, daga baya aka ce gonarka ma sai da izininsu za ka shiga. Garinmu ya jure iya jurewa. Wata kaka, bayan an kashe mana mutane a gona, gari ya tashi gaba ɗaya da rana tsaka. Ni na yi ta jigila da motar bulo, ina lodin tsofaffi da tukwane da awaki a inda na saba lodin inci tara. Inna ta kulle ɗakinta da kwaɗo ta ɗaure makullin a bakin zane, kamar mai zuwa biki ta dawo.

Batsari ta cika. Wasu a azuzuwan makaranta, wasu a zaurukan dangi, wasu a kangaye. Wanda ke da sauran dabba ya sayar ya yanki ɗan fili a bayan gari. Kasuwar bulo ta buɗe irin buɗewar da ba mu taɓa gani ba. Inji na ruri daga safe har magariba, bulo ba ya gama bushewa ake kwashewa. Taubashi ya ƙara ma'aikata, kuma yawancinsu manoman garinmu ne, masu rumbuna jiya, yau suna ɗaukar kwanon yashi a ka. Wata rana taubashi ya ɗaga murya ya ce wani lebura ya yi sauri. Kawu ya ajiye tiyo ya ce, "Gaya ma mai inji wancan da yake ce ma lebura Sarkin Noman garinmu ne. Shi kira shi da sarautarshi." Tun daga ranar shi da kansa yake zama ya ci abincin rana da su a kwano ɗaya. Masana'anta na ƙiba, Kawu na ramewa.

Maƙwabcin nan namu, mai maganar wajen makoki, shi ne ɗan garinmu na farko da ya zo saye. Ya durƙusa suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har "Ya katanga?" ta suɓuce wa Kawu. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Bulo?" in ji Kawu. "Ka yi mi da shi?"

"In ɗan yi ma iyali ɗaki biyu, Baba. Mun gaji da kwanan aji."

"Kana da ɗakuna can gida. Ni na gina su."

"Baba, wane gida kuma?"

"Damina ɗaya ce, in ta yi tsawo biyu. Ka saurare ni, ni ke buga abin nan, na san halinshi. Bulo ba ya neman mai shi. Wanda ya zuba siminti nan, ya zauna ke nan. In wurin kwana kake so, gobe in zo in yi maka na ƙasa, ko sisi ba ka ba ni. Ɗakin baƙo, wanda in za ka tahi ba ka waiwaye shi."

Mutumin ya tashi ya karkaɗe gwiwa, ya tafi wani gidan bulo ya saya. Kafin Juma'a labari ya zaga gari. Wai Kawu ya yi kuɗi ya manta asali, yana sayar wa bare yana korar nasa, yana ganin 'yan ƙauye ba su isa kwana a ɗakin siminti ba. Na ji maganar a tasha, na ji ta a ƙofar masallaci, na ji ta a bakin mutanen da Kawu ya yi shekara da shekaru yana yaɓe wa ɗaki kyauta.

Ranar da mutumin ya zo ce na ga taubashi ya fita hayyacinsa. Ya kashe inji, abin da ba ya yi, ya ce, "Gaya wa Baba kasuwa muke yi. Mutanen Runka ya sayar masu, na Safana ya sayar masu. Su ba gudu suka yi ba?"

"Gaya ma mai inji su ma suna da tsohonsu, shi shi hana su. Ni nawa na sani. Shi sai da ma duniya duka, ban da garinmu. In kowa ya yi gida nan, wa za ya koma? In ba wanda ya koma, kushewar uwata wa za ya nuna ma jikokinta?"

Taubashi ya je ya tada injinsa.

Kawu bai tsaya ga hani ba. Da hadari ya leƙo a shekarar, ya ce in kai shi Runka. Mun roƙe shi, matarsa ta yi kuka, Liman ya zo har gida. Ya ce shi ba faɗa za shi ba, yaɓe za shi. A Runka ya sami wani ɗan acaɓa mai ƙarfin hali ya ɗauke shi, ya shiga garin da ba kowa sai ƙadangaru, ya kwaɓa ƙasa shi kaɗai. Da yake ba zai iya gari duka ba, sai ya zaɓi zauren gidansu da masallaci da ɗakin Inna. Haka ya riƙa yi duk shekara. Akwai ranar da mutanen daji suka same shi a kan tsani, su da bindigoginsu, suka tambaye shi wa yake yi wa kwalliya. Ya ce, "Masu shi na tahe." Suka yi ta dariya, suka karɓe wayarsa da takalmansa suka bar shi. Na tarbe shi a Runka da yamma ba takalmi, hannuwa jajur da ƙasa, fuska cike da annuri. Ni kuwa na rasa ko in rungume shi ko in yi masa ihu.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa.

Mahaifina ya rasu tun kafin tashin gari, Inna kuwa ta gaji da zama a lungun gidan yayanta. Mace ce da ta saba da tsakar gidanta. Na sami ɗan fili a ƙasan gari, wajen da ruwa ke gangarawa, don nan ƙarfina ya kai. Ka duba wannan abu: ni da nake wuni ina sauke bulo a ƙofar bare, ba ni da ikon ɗaukar guda in kai wa uwata. Ita da kanta ta je ta same shi a fili, tiyo na hannunsa.

"Yaya, har da ni?"

"Har da ke, Auta. Ke ma kin hi kowa. Ɗakinki na can, bana na sake mashi indararo. In ke kika zauna nan, sauran mata wa za su bi?"

Na ce zan saya a wani wuri. Inna ta ce in na yi haka ba ta shiga ɗakin, ita ba za ta kunyata yayanta a garin mutane ba. To, sai ya gina mata na ƙasa. Ranar da ya fara zuwa filin ya ɗebi ƙasar ya sa a harshe, ya tofar. Ya sa na yi ta jido masa jar ƙasa daga wajen Karare, ya zuba duk iyawarsa. Ɗakin ya yi kyau, matan unguwa har leƙowa suke. Ƙasa dai na jido ta, tudu ne ba ya jiduwa a mota.

A damina ta biyu aka yi wani ruwa da ya fara bayan Azahar, bai tsaya ba har La'asar ta wuce. Duk ruwan gari ya gangaro ya kwanta a gindin ɗakin. Inna na ƙoƙarin jawo buhun geronta waje, bangon baya ya zauna a kanta. Maƙwabta ne suka tono ta da hannu. Ƙugunta ya karye, muka yi makonni a asibiti a Katsina, kuma tun daga ranar ba ta sake takawa ba sai da sanda.

Na yi fushi da Kawu irin fushin da ban taɓa yi da wani ɗan Adam ba. Har yanzu in na ga Inna tana jan ƙafa zuwa alwala sai abin ya dawo mini sabo. Ya zo asibitin da kayan aiki a jikinsa, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa gefen gado, ya kasa ɗaga ido. Ni na juya masa baya. Inna ce ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Yaya, ka ci abinci kuwa?"

Ban taɓa jin kukan Kawu ba sai ranar. Fita na yi na bar su.

Da na dawo Batsari ɗauko wa Inna kaya, na tarar da shi a fili kafin a tada inji. Bai neme ni in isar masa da saƙo ba. Ya dubi taubashi, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake, ya ce, "Kai, zaɓo mani inci tara masu kyau. Da rodi, da linta." Taubashi ya tsaya kamar bai gane da shi ake ba, sannan ya tuɓe riga ya fara lodi da kansa.

Kawu ya cike filin Inna, ya ɗaga harsashi sama da gwiwa. Birkiloli suka zo taimako ya sallame su. Shi kaɗai ya ja igiya, ya riƙe cokali, ya jera bulon nan ɗaya bayan ɗaya, a shekarunsa, yana hutawa yana tashi. Mutanen garinmu suka riƙa taruwa suna kallo daga nesa. Ranar da aka buga kwano ya wanke hannu, ya juya ya fuskance su.

"Duk mai son bulo shi zo shi ɗauka," ya ce. "Mai hali shi biya siminti, marar hali shi ɗauka hakanan. Na saki."

Wasu sun zo. Amma da yawa sun riga sun gina da bulon wasu wurare, irin wanda ake ƙwauron siminti har ka iya murje shi da hannu. Na maƙwabcin nan namu tun a shekarar farko ya tsage daga linta har ƙasa. Saboda haka in ya ce an hana shi bulo, yana da abin nunawa.

Daga nan Kawu bai sake cewa a kai shi Runka ba. Hanyar ta ƙara lalacewa, ƙafafunsa kuma suka fara kumbura. Zai zo fili ya shayar da bulo, ya koma inuwa ya zauna yana kallon ana lodi. Ya daina tambayar kowa katanga, ya daina gardamar jeri da gini. Muka ce tsoho ya haƙura, har muna yi wa Allah godiya a kan haka.

Lokacin da ciwo ya kwantar da shi a daminar bana, mun riga mun ji cewa ruwa ya gama da ƙauye. Muka haɗa baki ba mai gaya masa. Sai ga ɗan acaɓan nan na Runka, wanda ya saba kai shi, ya zo dubiya wata ranar kasuwa da yamma, kuma ba wanda ya tuna ya ja masa kunne. Muna ɗakin ni da taubashi, Inna na zaune a bakin gado da sandarta. Suka gaisa, Kawu ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Ka bi ta can kwanan nan?"

"Na bi, Baba. Na kai wani ya ciro ƙyauren ɗakinshi."

"Zauren hwa?"

Mutumin ya dube ni. Na girgiza masa kai. Inna ta gani, ta ce, "Hwaɗa mashi gaskiya. Shi ba yaro ba ne."

"Ya kwanta, Baba. Masallaci ma rufin ya rufta. Ɗakin Inna kuwa..."

"Bar waɗannan. Zauren nike tambaya. Ciki ya hwaɗi ko waje?"

Ban gane tambayar ba sai da na tuna inda zauren yake. A bakin gari yake, jikin hanya ɗaya tak da amalanke ke iya bi ta shiga.

"Ciki, Baba. Duk ya tattara ciki."

Kawu ya lumshe ido, ya saki ajiyar zuciya mai tsawo. "Haka muka gina shi ni da tsohona, kanshi na kallon ciki," ya ce. "Amalanke na wucewa ke nan?"

"Tana wucewa. Ko mota na wucewa."

"To madalla. Masu komawa da kaya za su koma."

Taubashi ya juya ya kifa goshinsa a bango. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa a nan na gane bulo kaɗai ya saki. Duk lokacin da muke cewa ya haƙura, yana zaune a inuwa yana kallo ina lodin gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, ashe ranar komawa yake jira.

Bai daɗe ba bayan nan. Muka binne shi a Batsari, garin da ya gina rabinsa amma bai taɓa kira gida ba.

Ya Ubangiji, ga bawanka magini ya iso gare ka. Ka yafe masa kuskuren da ƙauna ta sa shi, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da iyayensa cikin rahamarka. Mu kuma da muka rage ka dube mu. Hanyar tana nan a buɗe yadda ya so, kuma har yau ba wanda ya bi ta da kayansa.